Aljihun Hagu

Zuwa ga Yayata Tahira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Yau shekara uku da wata bakwai ke nan rabona da gida, tun safiyar nan da kika biyo ni tashar Kunci da ƙunshin riguna huɗu, kika cuso mini su ta tagar mota direba yana ta danna oda. Sai da na ƙirga a yatsa kafin in rubuta, don kada in ƙara ko in rage. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga babbar yayarsa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Basiru da yara gaba ɗaya. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya lafa miki. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta, ni kuma ya yafe mini da aka kai ta ba na nan. Na ji ruwa ya yi jinkiri bana, har sai da ƙaninmu Yahya ya yi shuka sau biyu a gonar bakin kwari, amma daga baya gero ya tashi. Na ji Ummi ta sauka lafiya an samu mace. Allah ya raya, ya sa mai jinƙai ce. Kin zama kaka, Yaya, sai ki rage faɗa.

Ni ina nan a wani ƙaramin gari na bakin tafki a arewacin Italiya, lafiya lau in ban da kafaɗata ta dama, wadda likita ya ce sai na zauna mako biyar ana gasa ta kafin in hau jirgi. Na san za ki ce me ya kai ni rubuta takarda alhali ga waya. Wayar gidanku ba ta da sirri. Da na kira sai a buɗe murya, yara su kewaye ki, maƙwabta su leƙo ta kan danga. Maganar da zan yi kuwa mu huɗu ne kaɗai muka san ta a garinmu, ɗayarmu ta riga mu gidan gaskiya. Kocinmu, Malam Kamaruddeen, zai riga ni dawowa, ya kuma yi mini alkawarin daga gidansa na Ungogo zai hau mota ya kawo miki wannan hannu da hannu, tare da wata jaka. Ki karanta ke kaɗai tukuna, sannan ki buɗe jakar.

Na san abin da ake faɗa a gari. An ce an kama Abdulkabir ɗan Malam Abdulmumini da maguɗi a ƙasar Turawa, an hana shi shiga tseren da zai ba shi gurbi a babbar gasar naƙasassu ta duniya. Wasu sun ce allura na yi, wasu sun ce ƙwaya na sha. Yahya ya gaya mini Baba ya daina fita majalisar ƙofar masallaci, yana sallame salla yake komawa zaure ya ja ƙofa. Kwana ashirin da shida ke nan ina kira, duk lokacin da aka miƙa masa wayar sai ya ce a faɗa mini yana lazimi. Gurbin dai ya tafi, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba na son dattijon nan ya ƙarasa kwanakinsa yana zaton ya haifi macuci. Abin da ya hana ni barci shi ne, ba yadda zan wanke kaina a wajensa ba tare da na ɗora masa wani nauyin ba. Shi ya sa na fara da ke.

Bari in yi miki bayanin aikin namu, don ban taɓa yi sosai ba. Kwalekwalen tsere ba irin na dam ɗinmu ba ne. Siriri ne, da ƙyar ya ɗauki mutum ɗaya, da filafili biyu dogaye, kuma baya muke ba inda za mu, kilomita biyu a miƙe. Tun da naƙasa iri-iri ce, sai aka raba mu rukuni-rukuni don kada a cuci wani. Akwai masu ƙafa, akwai waɗanda ba su da ƙafa amma bayansu da ƙugunsu suna aiki, sai mu na ƙarshe, waɗanda ba mu da komai sai hannu da kafaɗa. Mu ana ɗaure mu da ɗamara a ƙirji a jikin kujera, a kuma maƙala wa kwalekwalen 'yan goruna biyu a gefe, kamar na masunta, don kada ya kife. Likitoci ne suke duba mutum su faɗi rukuninsa. Suna tsanantawa, kuma suna da hujja, domin na ga da idona mai lafiyayyen baya yana langaɓewa a gabansu don a saka shi cikinmu ya kwashe lambobi. Shekara uku ina rukunin ƙarshe ba wanda ya taɓa tuhumata. Ke kin san dalili. Shan-inna bai tsaya a ƙafafuna ba, ya hau har bayana. In na sunkuya ba abin da zai ɗago ni sai hannu.

Ban sani ba ko kina tuna ranar sunan Yahya kamar yadda nake tuna ta. Ina da shekara bakwai, kina da goma sha biyu. Zaure ya cika da manya, na rarrafo zan wuce, Baba ya ce in gaida mutane. Na tattara ƙafafuna na zauna, na rusuna kamar yadda na ga sauran yara suna yi, sai na tafi gaba ɗaya, bakina ya daki daɓe, haƙorina na gaba ya ɓantare. Ba wanda ya yi dariya, da ma dariyar aka yi. Sai wani baƙo daga Gezawa ya ce a ƙyale yaro, ai Allah ya ɗauke masa gaisuwa. Wani ya laluba aljihu ya ajiye mini kwabbai a gabana. Ina kwance jini yana zuba, amma fuskar Baba nake kallo. Ya tsince kwabban nan ɗaya bayan ɗaya ya mayar wa mai su, ya yi masa godiya, ya ɗauke ni ya shigar da ni wajen Inna. Ranar ko naman suna bai ci ba.

Washegari bayan la'asar ya kai ni bayan rumbu. Ya ce ba ya son a riƙa yi mini kallon abin tausayi, domin wanda ake tausaya wa sadaka ake ba shi, ba aiki ba. Ya ce zan koyi rusunawa in ɗago kamar kowa, kuma ba wanda zai ga yadda nake yi. Muka yi ta gwadawa, in faɗi ya ɗaga ni, in faɗi ya ɗaga ni, har muka gane cewa in na dafa ƙasa da hannun hagu zan iya. Sai dai ana ganin hannun. Ke ce kika kawo dabarar. Kika ɗauki rezar Inna kika farke gindin aljihun hagu na rigar sallata, kika kalmashe bakin da zare don kada ya zare. In na zura hannu kamar mai ɗauko goro, sai ya wuce ta cikin riga ya dafa ƙasa, daga baya da na samu keken guragu ya kama ƙarfen kujera. Damina guda muka kwashe a bayan rumbun nan. Ranar da na yi sau goma a jere ba kuskure, Baba ya tafi kasuwa ya sayo mini tsire na ni kaɗai. Tun daga nan ba riga mai aljihu da na saka wadda ba ta bi ta hannunki ba, har bayan kin yi aure. Shekara ashirin da tara, Yaya.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Dabarar nan ta ciyar da ni. Ɗan Iya mai kwalekwale bai ba ni tuƙi a dam ba sai don ya ga na rusuna masa na ɗago, ya ce yaron nan ƙafa ce kawai ba shi da ita, bayansa ƙarfe ne. Bai san da majanyin Inna nake ɗaure kaina a jikin katako a ƙarƙashin riga ba. Shekara goma sha biyar ina haye da albasa da tumatir na masu noman rani, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. A bakin ruwan nan masu neman 'yan wasa suka gan ni. Duk wannan Baba ne. Amma akwai ɗaya gefen, kuma yau zan faɗe shi. Ban taɓa zama a cikin mutane jikina a sake ba. Ko zazzaɓi nake yi, ko kafaɗa ta kumbura, in babba ya shigo sai hannu ya tafi aljihu. Sau biyu aka yi mini maganar aure na janye, kuka ce girman kai ne. Ba girman kai ba ne, tsoron ranar da wata za ta ga na cire riga ne. Mutum ya girma yana ɓoye rabin jikinsa a garin da kowa ya san adadin akuyoyin kowa, da gajiya.

To, ga abin da ya faru. Ranar Lahadi ne za a yi tseren neman gurbi, wanda ya zo na ɗaya shi kaɗai zai tafi. Aka ce duk mu sake bi ta gaban likitoci kafin nan, nawa ya faɗo ranar Juma'a da hantsi. Akwai wani ɗan masallaci a garin da ke gaba da mu, motar da ke kai mu tana wucewa da sha biyu, sai na ce bari in shirya gaba ɗaya, daga wajen likita in wuce. Na saka farar rigar nan mai aikin ruwan toka da kika ba ni a tasha. Duk dubawar da aka yi mini a baya da rigar wasa nake shiga, wadda ba ta da aljihu. Koci ya koma ɗauko wata takarda da ya manta, aka kira sunana, na tura keke na shiga ni kaɗai. Mutum uku ne a ɗakin, mace ɗaya mai rubutu, wani matashi, da wani dattijo fari fat da furfura, sa'an Baba, har 'yar ranƙwafawar nan tasu iri ɗaya. Ya miƙe daga kujerarsa ya taho zai ba ni hannu. Tsoho ya taso mini, Yaya. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannun hagu ya shige aljihu, ya kama ƙarfe, na rusuna har goshina ya kusa gwiwa, na ɗago sumul. Ban taɓa yin wadda ta kai ta kyau ba. Da Baba yana wajen da ya ji daɗi. Ina ɗagowa na ga matar nan tana rubutu.

Suka sa na cire riga, suka ɗora ni a kan benci, suka ce in sunkuya in ɗago ba hannu. Na kasa, kamar kullum. Suka sake, na sake kasawa. Suka kalli juna. Dattijon ya tambaye ni a hankali, cikin Turancin da nake ɗan tsinta, yaya aka yi abin da na yi a bakin ƙofa ya gagare ni a kan benci. Nan ne laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Rigar tana rataye a jikin kekena, taku biyu daga inda yake tsaye. Abin da kawai zan yi shi ne in ce ya duba aljihu. Bakina ya ƙi buɗuwa. Na ji kamar an ce in tuɓe a tsakiyar kasuwar Kunci, na ji kamar zan tona asirin Baba a gaban baƙi. Abin da na iya cewa kawai shi ne haka muke gaisuwa a wajenmu. Ya ce ya fahimta, amma ba tambayar da ya yi ke nan ba. Sau uku yana tambaya, har koci ya shigo ya same mu a haka, shi ma ya tambaye ni da Hausa, na sunkuyar da kai. Suka rubuta cewa jikina ya nuna abu biyu masu karo da juna, ba za su iya ba ni rukuni ba sai an yi bincike. Wanda ba shi da rukuni kuwa ba ya shiga ruwa. In ni ne a kujerarsu, abin da zan rubuta ke nan.

Ranar Lahadi ina bakin tafki a kan keke ina kallo. Layina, na huɗu, ruwa ne kawai a kwance ba kowa. Wanda ya ci mutumin kirki ne, mota ce ta karya masa baya yana da 'ya'ya mata biyu. Sau biyu muna haɗuwa a ruwa ina wuce shi, kuma lokacin da ya ɗauka kafin ya gama tseren ranar, na sha yin ƙasa da shi da daƙiƙa goma sha ɗaya a wajen atisaye. Da ya fito ya turo kekensa har inda nake ya riƙe hannuna, ni kuma na yi masa barka da zuciya ɗaya, don bai ɗauki abin kowa ba. Kafin yamma labari ya bazu a waya. Abin da ya ƙarasa ni shi ne Zaharaddini mai cajin waya. Shi a ganinsa kare ni yake yi, ya rubuta a ƙarƙashin labarin cewa hassada ce kawai ta Turawa, shi ya san ni tun muna yara, duk garinmu ba mai ƙarfin bayana, kowa ya sha ganin na rusuna na ɗago. Koci ya karanta mini, ya ajiye wayar ya dafe kai. Kada ki yi masa faɗa. Abin da muka nuna masa shekara ashirin da tara ya faɗa.

A wannan yammacin na miƙa wa koci rigar na ce ya zura hannu a aljihun hagu. Ya zura, hannunsa ya fito ta ciki. Ya daɗe yana kallon yatsunsa. Sannan ya zage ni zagin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce da na buɗe baki ranar Juma'a, da Asabar sun sake zama, da Lahadi ina cikin ruwa. Ya ce shekara uku yana ɗaure ni da hannunsa a kwalekwale, amma ban ga ya isa in gaya masa ba. Yana faɗa yana share ido. Gaskiya ya faɗa. Ya yi ta zirga-zirga har suka yarda su sake zama ranar Talata, wannan karon da na'urar ɗaukar hoto. Na shiga da rigar a jikina. Na juyo aljihun waje na nuna musu. Na rusuna na ɗago, koci ya ɗage gefen rigar suna kallon hannuna a kan ƙarfe. Sannan na cire ta, na harɗe hannuwana a ƙirji, na ce su matsa, na sunkuya. Sun shimfiɗa katifa a ƙasa, amma na wuce ta. Bakina ya daki siminti, daidai haƙorin nan. Rabona da faɗuwa a gaban mutane tun ranar sunan Yahya. Ina kwance ina jiran in ji abin da na ji a zauren nan, sai na ji ba komai, sanyin ƙasa kawai da ɗanɗanon jini.

Dattijon ya durƙusa da kansa, da tsufansa, ya tallafo kaina. Bayan an mayar da ni keke ya ɗauki rigar ya kai ta bakin taga, ya saka tabarau yana bin ɗinkin da yatsa. Ya tambayi wanda ya yi, na ce yayata. Ya ce in gaya miki shekararsa arba'in yana ɗinke mutane, bai fi ki hannu ba. To na gaya miki. Suka ba ni takarda mai hatimi uku, cewa ban yi yaudara ba, an mayar da ni rukunina. Gurbi kuwa sun ce ba su da ikon dawo da shi, tsere ya riga ya wuce. Akwai 'yan gurabe na alfarma da ake rabawa daga baya, koci ya nema mini, makon jiya amsa ta zo babu. Sai bayan shekara huɗu. Ina da talatin da shida, kafaɗar nan kuma likita bai ɓoye mini komai ba. Na dai san na gama. Wani lokaci in na zauna sai in ji haushin kowa, haushin Baba, haushin baƙon Gezawa da ya daɗe da mutuwa, har naki, ki yafe mini, da kika iya ɗinki haka. In na huce sai in ga ba wanda ya nufe ni da sharri ko mutum ɗaya. Wannan ya fi ciwo, don ba wanda zan riƙe.

Yanzu ga abin da nake roƙonki. A cikin jakar akwai takardar, koci ya rubuta fassararta da Hausa a baya. Ki je gida da rana, lokacin da Yahya yake gona, ki karanta wa Baba ita daga farko har ƙarshe. Ki faɗa masa ban sha komai ba, ban yi allura ba, ban cuci kowa ba. Na yi tunanin a tsaya nan, a ce masa kuskure ne na likitoci. Na kwana biyu a kan wannan shawarar, na ga ba ta yi ba. Ƙarya ce, ta kuma ɗora laifi a kan mutanen da suka yi aikinsu. Baba kuma ba yaro ba ne, zai tambayi abin da suka gani har suka yi zargi. In ya tambaya, kada ki yi dogon bayani. Ki ciro farar rigar ki ɗora masa a cinya, ki ce na gaida wani dattijo ne. Zai gane. In ya yi shiru ki bar shi da shirunsa, amma kada ki tafi, ki zauna kusa. In ya ce shi ya jawo, ki faɗa masa abin da na faɗa miki, cewa shi ya koya mini rusunawa, amma ba shi ya rufe mini baki ranar Juma'a ba. Ki kuma faɗa masa tsohon nan ya amsa gaisuwar da kyau.

Mutanen gari kuwa, ba zan ce a tara su ba. Sirrin nan ba nawa ne ni kaɗai ba, rabinsa na Baba ne. Rigar tasa ce yanzu. In ya ga dama ya ɗauke ta ya fita da ita majalisa, ya ba liman ya zura hannu. In ya ga dama ya saka ta a ƙasan akwati, su ci gaba da faɗar abin da suke faɗa, zan iya zama da wannan muddin shi ya sani. Abu ɗaya ne ba zan canza ba, kuma gara ya ji daga bakinki kafin in iso. Sauran riguna ukun suna cikin jakar. Ki ɗinke mini aljihunansu, ki rufe gindin ruf, irin na kowa, wanda za a saka goro ya zauna. Ranar da na dawo zan shiga zaure in gaishe shi kamar yadda ya koya mini, har ƙasa, ko da wa a zaune. Amma hannuna zai kasance a waje, a kan ƙarfe, inda kowa zai gani. Ba don in kunyata shi ba. Na gaji ne, Yaya.

Ki gaida Malam Basiru, ki yi masa godiyar takin da ya kai wa Yahya. Ki gaida Yahya da matarsa Ramlat, ki ce masa ya daina ɗaukar buhu shi kaɗai, baya ba abin wasa ba ne, ni na sani. Ki gaida Ummi da jaririyarta da angon ƙarni. Ki gaida Gwaggo Kaltume, ki ce mata har yanzu ban ci naman da ban san wanda ya yanka ba. Ki gaida Ɗan Iya in yana gane mutane, ki tambaya mini ko kwalekwalen nan mai facin kwano yana nan, don ina jin zan nemi aikina. Zaharaddini ma ki gaishe shi. In kin samu mai zuwa maƙabarta, a yi wa Inna addu'a a madadina kafin in zo in yi da kaina. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki da ya daɗe yana ba ki aiki,
Abdulkabir

Na san Baba, in ya sauko zai tambayi abin da na tara a shekarun nan. Ki faɗa masa yadda yake. Lambar azurfa biyu, ta tagulla ɗaya. Keke ɗaya mai kyau, wanda zai iya yashin hanyar dam. Ɗamarar ƙirji ɗaya, koci ya ce in riƙe, majanyin Inna ya huta. Kuɗin mota daga Kano zuwa gida, da na turmin atamfa ɗaya naki. Takarda ɗaya mai hatimi uku. Riguna huɗu da kika ba ni, ba wadda ta ɓata: uku a wajenki, ɗaya a wajensa. Shi ke nan.